Buhun Tabar da Na Kai Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a fadarmu ta bakin shagon tela a Sabon Gari, kafin a zuba na farko wani ya ce, "Garba, yaya teku?" Wani ya ce, "Wai da gaske ka sha tabar da manyan duniya ke sha?" Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya. Kuma na lura kowa ya tashi sai ya ƙara ma labarin gishiri, har na ji ana cewa wai suma na yi aka yayyafa mani ruwa. Ban suma ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan karatun da na samu kafin a cire ni daga lakwal, makarantar boko. Wanda ya ga kure ya gyara a ransa, kada ya kawo mani.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai taba ne, ɗan mai taba. Garkarmu tana Jiratawa, bakin gulbi. Tun ina iya tunawa taba ake dasawa a cikinta in ruwa ya janye, irin da babanmu ya gada, baƙa, mai maiƙo, wadda in an daka ta da kanwa aka sa a baki sai mutum ya ji ta har bayan kunne. Da Baba ya rasu ba mu raba garkar ba. Ni ke noma ta, ni ke sayarwa, amma magana ta ƙarshe ta Yaya Habu ce, babbanmu, da ke zaune a Tsibiri.

Shekarun nan taba ta faɗi. Tsofaffin da ke sa ta a baki suna ta ƙarewa, samari sun koma ma sigari na kwali, masu wa'azi kuma ba su bar mu ba. Bana Yaya Habu ya tara mu da ƙannenmu ya ce ya isa haka, albasa da zogala za a sa. Na yi gardama har murya ta dushe, babu wanda ya goya mani baya.

Ana cikin haka Ila ya kira ni. Ila abokina ne tun muna wanka a gulbi babu wando. Yanzu Alhaji ne, yana harkar motoci a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Duk sallar da ya zo gida ba ya da zance sai na wata taba da suke ce ma sigar. Ba sigarin kwali ba, ganye ne zalla ake naɗewa, kaurin babban yatsa, daga can ƙetaren teku ake kawo ta. Yakan ce, "Garba, kai da kake cewa ka san taba, wallahi ba ka taɓa shan taba ba." Shekaru yana ɗura mani wannan magana, har ni ma na soma jin cewa akwai wani abu a duniya da ya wuce ni.

A waya ya ce, "Akwai wani abokina nan, Mushe Kosi, wato Malam Kosi da Faransanci, yana da gidan sigar. Yana son shi fara naɗa tashi da ganyen ƙasashenmu. Na ba shi labarin tabarku. Ka ɗebo mai kyau ka taho."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ku riƙe shi.

Na je Tsibiri na gaya ma Yaya Habu. Ya ce, "Ka tafi. In mutumin ya ce zai saya, a dasa taba. In bai ce ba, da ka dawo a tuge irin nan da ka shuka." Don lokacin na riga na yi gadon iri, ya fito kore shar, yana jiran dashe. Na ce na yarda, gaban ƙannenmu na faɗa.

Na zaɓi ganyen bara mafi kyau, na zuba a buhu, na hau na taka shi da ƙafa har ya zauna, na ƙara, na sake takawa, na ɗinke baki. Haka Baba ke yi in zai kai kaya kasuwar nesa, haka kowa ke yi a Jiratawa. A tasha girman kaya ake dubawa, kuma ganyen da za a daka me ya dame shi da karyewa?

Da asuba muka tashi daga Maradi. Kusa da ni wata Hajiya Rabi ce ta zauna, 'yar kasuwar atamfa, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ba mu kai Gidan Rumji ba ta gama sanin sunana da unguwarmu da yawan matana.

"To Malam Garba, mi ka ɗauko?"

"Taba."

"Taba? Har Kwatano? Mutane na zuwa ɗauko mota, kai kana kai masu tari."

"Hajiya, ke ma ai tsumma za ki ɗauko."

"Tsumman nan shi ke rufa ma matarka asiri."

Ban sake tanka mata ba sai da ta buɗe kwanon soyayyen nama ta miƙo mani. Na ci. Fushi daban, yunwa daban.

Hanyar Ƙonni da Dogon Dutsi ba ni da abin faɗa, kun san ta. Ko'ina shinge, a sauko, a nuna takarda, a hau. Wani jandarma ya juya katina gaba da baya ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce lokacin da aka ɗauka taba tana da daraja. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. A Doso harshe ya juya Zabarmanci. Na sayi kwaɗon zogala wurin wata mata, na tambaye ta ruwa da Hausa, ta amsa mani da yarenta, ta nuna mani mai sayar da ruwan leda. A Maradi ko maƙiyinka ne ya ci abincinka ka ba shi ruwa.

A Gaya ne aka fara taɓa mani buhu. Lokacin gada a rufe take, sai ta jirgin ruwa ake ƙetarewa. Kafin bakin kogi wani ɗan duwan, wato kwastan, ya shinshina buhun ya ɗaure fuska, ya ce wiwi ne. Na ce ni da furfurata? Ya ɗauko wani tsinin ƙarfe ya yi ta soka shi ta ko'ina, sannan ya yanke ɗinkin. Sai ga wani babba a cikinsu, ya damƙo ganyen ya murza ya kai hanci.

"Wannan ta gulbin Maradi ce," in ji shi. "Tsohuwata ba ta sa wata a baki in ba ita ba. Ɗebar mani kaɗan."

Na ɗebar mashi da yawa, da farin ciki ma. Na ce a raina, ka ga tun ba a je ko'ina ba an fara sanin ta. Sukar da aka yi ma ganyen ko a jikina.

Jirgin kuwa Allah ya kiyaye. An loda mutane, an loda buhunan albasa, an ɗora babura a kanmu, bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba. Kogi ya cika, ja wur. Na rungume buhuna a ƙirji don kada ya jiƙe. Hajiya Rabi, wadda bakinta bai huta ba tun Maradi, ta yi tsit tana jan carbi. Da muka taka ƙasa ta gyara mayafi ta ce, "Ka ga yadda ka tsorata?"

A Malanbil muka kwana a tasha, kan tabarmar haya. Sauron wurin ba ya kuka, aiki kawai yake yi. Da safe muka hau wata motar muka yi kudu. Ƙasa ta yi ta ƙara kore, itatuwa manya, gonakin doya da auduga, amma ko zangarniyar gero ɗaya ban gani ba, na rasa da me suke yin fura. A Paraku na ci sakwara da wata cukwi mai laushi da ake soyawa, wannan kam ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba. Gaba kuma na sayi wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye. Shi ya sa na tsayar da mota a daji, direba yana ta danna oda, fasinja suna ta zagina da yaren da ban ji ba. Gara da ban ji ba.

Da muka isa Kwatano na ɗauka Ila zai tarbe ni a tasha. Bai zo ba. Ya kira ya ce aiki ya riƙe shi, in hau babur in ce a kai ni Zango, gidan wani Malam Tanko mai saukar da direbobin Maradi. Masu babur ɗin can duk riga ɗorawa gare su, kuma ba su san birki ba. Na ɗora buhu a cinya, aka kifa mani wata hular ƙarfe mai warin kan mutane dubu, muka shiga cikin motoci kamar za mu ɗauko wuta.

Ku dai ku ji. Ila yana da gida mai bene a garin nan, na ga hotonsa. Ni da muka ci tuwo a akushi ɗaya, a zauren Malam Tanko ya aje ni, cikin direbobi da takalmansu. In shi ya zo Maradi ɗakina nake bar mashi in koma rumfa. Malam Tanko mutumin kirki ne, bai rage ni da komai ba, amma ba wurinsa na zo ba.

Na yi kwanaki ina jira. Kullum Ila ya ce gobe. Na zaga gari don kada in haukace. Mutanen can gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba a tambayar gajiya, ba a tambayar iyali, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Na ga an tare titi da rumfuna, ana kiɗa, ana rawa, kowa ya sa kaya iri ɗaya. Na tambayi wane ne ango, aka ce mani mutuwa aka yi. Teku kuma da kuke ta tambaya, na gan ta. Ruwa ne mai yawa da ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Na tsaya kaɗan na koma.

Ranar da ya ga dama, bayan la'asar, Ila ya zo da mota mai sanyi. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ba ka da wata rigar?"

"Wannan ce ta salla."

"To. In mun je kada ka cika magana. Ni zan fassara."

Gidan sigar ɗin yana wata unguwa mai shiru, da mai gadi a ƙofa. Ciki sanyi kamar randa, kujerun fata, mutane kaɗan suna zaune kowa da hayaƙinsa, ba mai ɗaga murya. A gefe akwai wani ɗaki na gilashi, an jera sigar cikin akwatunan katako, da na'urar da ke ba su danshi. Taba tana da ɗakinta da mai kula da lafiyarta. Ni da nake noma ta ina kwana a zaure da sauro.

Mushe Kosi gajere ne, mai fara'a, ya ba ni hannu biyu. Ba ni da abin zargi a kansa. Ya sa aka ɗora buhun kan tebur, na warware. Ya cusa fuskarsa ciki ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya yi magana, Ila ya ce, "Ya ce ƙamshin ya yi kyau ƙwarai."

A kasuwarmu mai saye kushewa yake yi. Wanda ya yaba kayanka, sallama yake maka.

Sai ya soma zaro ganyen ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a haske. Wannan ya karye, wannan ya tsage, wannan ƙarfen ɗan duwan ya huda shi. Ya tona har ƙasan buhun. Bai samu ko guda lafiyayye ba. Ya yi bayani a hankali, yana shimfiɗa hannu kan tebur. Ila ya ce, "Wai ganyen naɗi sai cikakke, babu tsaga. A inuwa ake shanya shi, a jera shi kwance kamar atamfa. Wannan ba ya naɗuwa."

Na juya na dubi Ila. "Mi ya hana ka gaya mani?"

"To ai kai ne mai taba."

"Ni mai tabar dakawa ne. Kai ke zama nan kullum. Kalma ɗaya, Ila. Kada ka taka. Shi ke nan."

"Rage murya."

Mushe Kosi ya ga fuskokinmu, ya ce in an yi sabon girbi a kawo kaɗan a gani. Na ce ma Ila, "Ba ni da sabon girbi in bai ce zai saya ba. Ka tambaye shi, i ko a'a."

"Ba haka ake yi nan ba. Sai an zauna, an sha tare, an san juna. Ga shi ma ya ce a kawo maka wadda ta fi kowace. Ka natsu, daga nan magana ke fitowa."

Na natsu. Garkar Baba tana kan wannan zama, me zai hana in natsu?

Aka kawo ta kan faranti, da ɗan zobe na takarda mai ruwan zinariya. Gaskiya ido ya ƙoshi. Naɗin ya yi santsi, babu jijiya, launin ƙasa mai duhu. Mushe Kosi da kansa ya yanke mata kai da wani ɗan almakashi, ya gasa bakin a hankali yana juyawa kamar mai gasa tsire, ya miƙo mani. Ila ya raɗa mani cewa ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake riƙewa a fesar. Na karɓa da hannu biyu. Shekara da shekaru ana gaya mani ban taɓa shan taba ba, yau ga ta.

Na ja. Babu abin da ya zo. Na sake ja da ƙarfi har kumatuna suka lotsa, kamar mai tsotsar ruwa a toshasshen tiyo. Da ƙyar ɗan hayaƙi ya fito. Na riƙe shi a baki ina jira. Abin da na ji shi ne hayaƙin karan dawa da ruwa ya daka, da ɗan warin tsohuwar tabarma. Na ce wataƙila farko ne. Na ci gaba. Mushe Kosi ya tambaya ko na ji zuma, ko na ji itace, ko na ji fata. Na ce a raina, in fata nake son ji ai da na tsaya majema a Maradi, ba sai na ƙetare kogi ba.

Ta mutu. Aka sake kunna ta. Ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, ta sake mutuwa. Kunnawa ta uku sai ɗaci, ba ɗacin taba mai faɗa maka wani abu ba, ɗacin toka. Na haɗiye hayaƙin sau ɗaya don in ba ta dama, Ila ya taka mani ƙafa. Ina ta jiran bugun nan da taba ke yi, wanda ke saukowa daga ƙeya ya warware gajiya. Shiru. Na dubi mutanen da ke wurin, kowa ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Na rasa ko ni ne ba ni da baki, ko su ne ke jin kunyar faɗa.

Da na aje ta na yi shiru, da ban yi mata adalci ba. Da na ce ta yi daɗi, da na yi ƙarya ga mutumin da nake son ya yarda da kayana. A wurinmu ba a yanke ma taba hukunci da shaidar wuta. Wuta tana ɓata mai kyau, tana rufa ma mummuna asiri. Harshe ake tambaya. Duk mai sayen taba a Jiratawa ya san haka, kuma mai kaya ba ya jin haushi, girmamawa ce.

Don haka na kashe ta, na tsaga cikinta da farce, na ɗebi ganyen tsakiya inda wuta ba ta kai ba. Na murza a tafin hannu, na ciro 'yar kanwata daga aljihu na gutsura na haɗa, na sa a leɓe.

Ila ya ce, "Garba," can ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka soka.

Mushe Kosi kuwa matsowa ya yi. Ya nuna kanwar yana tambaya. Ya jira ni har na gama juya ta a baki, sannan ya ɗaga gira. Na ce mashi da ɗan Faransancina ba ta da ƙarfi. Sauran na faɗa da Hausa: ganye ne mai asali, an yi mashi aiki, amma an aje shi har ransa ya fita. Na dubi Ila ya fassara. Bai fassara ba.

Mushe Kosi ya yi dariya, ya miƙo tafin hannunsa yana nuna aljihuna. Na gane. Na ciro battata na zuba mashi dakakkiyar tamu, ɗan kaɗan. Ya sa a leɓe yadda ya ga na yi. Ba a jima ba hawaye suka zubo mashi, ya buga tebur, yana tari yana dariya. Sai ya kama hannuna ya yi ta magana, doguwa, da sauri, yana nuna buhun, yana nuna ni, yana ƙirga wani abu da yatsu. Na tsinci kalmar gona, na tsinci kalmar shekara. Sauran ya wuce ni.

Yawu ya cika mani baki. Na duba babu ƙasa, babu taga, ko'ina darduma. Na jawo kwanon gilashin da ake zuba toka na tofa a ciki, na rufe da hannu. Wani a kujerar gefe ya ɗaga wayarsa. Na juyo in ce ma Ila me mutumin ya ce, sai na gan shi tsaye da mabuɗin mota a hannu. Ya yi ma Mushe Kosi wata gajeriyar magana yana dafa ƙirji, ya kama ni a hannun riga.

"Tashi mu tafi."

"Bai gama magana ba."

"Ya gama."

A mota na ce, "Mi ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Mutum ya yi magana har numfashinsa ya ƙare, ka ce bai ce komai ba?"

"Ka san su wane ne ke zaune a wurin nan? Da su nake cin abinci. Shekara nawa na yi kafin su daina kallona ɗan ƙauye, ka zo rana ɗaya ka tofa yawu a gabansu."

"Ai ɗan ƙauyen ne kai. Uwarka ma tabarmu take sawa, Allah ya jiƙanta, kuma a bayan ɗaki take tofarwa."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Ya sauke ni a bakin Zango, ko cikin layin bai shiga ba.

Washegari na ɗauki babur na nemo gidan da kaina. Mai gadi ya ce sai wanda ke da kati ko wanda mai kati ya kawo. Na ce Mushe Kosi ya san ni, buhuna ma yana ciki. Ya ce mai gida ya yi tafiya. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah ya sani. Na zauna a bakin titi har rana ta karkata, na koma washegari, haka. Wayar Ila ba ta shiga. Daga baya ya aiko ma Malam Tanko tikitin mota ya ce a ba ni.

Wasu a fada sun ce laifina ne. Su faɗa. Ni ban ji haushin sigar ba, ganye ne, bai yi ma kowa alkawari ba. Ban ji haushin Mushe Kosi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutum ya kira ka, ya hana ka kalma ɗaya da za ta gyara kayanka, sannan a lokacin da ake faɗin abin da ka ƙetare ƙasa don ka ji, ya rufe bakinsa saboda kunyar waɗanda ba su san sunan ubansa ba.

Dawowa ba ni da labari. Hanya ɗaya ce, sai dai babu buhu, babu Hajiya Rabi.

Ban sauka gida ba sai da na biya Tsibiri. Na tarar da Yaya Habu a ƙofar gida yana gyaran igiya. Muka gaisa, ya sa aka kawo mani fura, ya bari na sha.

"Ya ce zai saya?"

Da na so, da na ce i. Babu wanda zai je Kwatano ya tambaya. Na ce, "Ya ce wani abu, Yaya. Ban ji ba."

"Ba ka ji ba."

"Ban ji ba."

"To Garba, ba a dasa garka kan abin da ba a ji ba."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce zai turo masu aiki su tuge irin. Na ce kada kowa ya taɓa, ni na shuka.

Da safe na tafi Jiratawa. Irin ya kai tsawon ɗani, ganyen ya yi faɗi, daidai dashe. Na tuɓe riga na durƙusa na fara. Ƙasar da danshi, ba su yi mani gardama ba. Na kai rabi sai ga Yaya Habu a kan babur. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Bar fangali ɗaya can gefe. Saboda Baba."

"Fangali ɗaya ba noma ba ne, ado ne. Abin da muka yi da kai gaban yara shi za a yi."

Na ƙarasa, na tara su a bakin kunya.

Garkar da ke maƙwabtaka da tamu ta wani tsoho ce, Barmo, mutumin ƙauyen gaba, cikin waɗanda har yau ke bin al'adar kakanni. Tun zamanin Baba wurinmu yake sayen tabarsa. Ya ƙetaro da sandarsa, ya duƙa ya ɗaga guda ya duba saiwar.

"Ɗan Malam, waɗannan ba su mutu ba tukuna. Ka ba ni?"

"Na yar, Baba Barmo. Ba nawa ba ne."

Ya shimfiɗa rigarsa ya kwashe su tas, ya yayyafa masu ruwa daga gorarsa. Har ya juya zai tafi ya tsaya.

"In sun yi, za ka zo ka saya?"

Na ce mashi sai na ɗanɗana.